Madubin dare: wanda ya dace da mafarauci da wanda ya dace da mai gadi

Bara da kaka, bayan an yanke gero ana jiran dawa ta nuna, kawuna ya shigo shagona da ke wajen Ƙofar Ƙaura a birnin Katsina ɗauke da wani kwali a cikin leda. Sana'ata haɗa sola ce da kyamarorin tsaro, don haka duk wani abu mai batir da gilashi a dangi wurina ake kawo shi. Shi kuwa mafarauci ne tun ina yaro, a wani ƙauye ta wajen dam ɗin Ajiwa. Yanzu rabin darensa a rumfar gona yake yi, yana gadin abin da ya noma.

Ya ajiye kwalin ya ce, "Ɗan nan, duba min wannan. An ce da shi ko allura ce ta faɗi a duhu za ka gan ta, ni kuwa ban da hazo ba abin da nake gani."

Na kunna, na leƙa, na juya ƙaramin zoben da ke bakin ido har rubutun da ke ciki ya fito tar, na miƙa masa na ce, "Kawu, juya wannan a hankali har ka iya karanta lambobin nan." Ya juya, ya yi shiru, sai ya ce ashe idonsa ne ba a daidaita masa ba. Na'urar lafiyarta ƙalau. Amma da ya faɗa min abin da ya saye ta dominsa, wato ya ɗaura ta a goshi ya bi sawun dabba cikin daji, sai na gane ya sayi abin da ba na aikinsa ba ne. Tun daga ranar mutane da dama sun zo min da irin wannan tambaya, 'yan sintiri da masu gonaki da masu garken shanu.

Abin da ake kira madubin dare a kasuwa iri uku ne, kuma ba su haɗa hanya ba ko kaɗan. Akwai mai bututu, wanda ke ninka ɗan hasken wata da taurari. Akwai na dijital, wanda kyamara ce da ƙaramin allo da fitilar infared, wato hasken da idon mutum ba ya gani. Sai mai ganin zafin jiki, wanda 'yan kasuwa ke cewa tamal. Kafin ka tambayi kuɗi, ka tambayi kanka abin da kake so: tafiya za ka yi a duhu, ko zama za ka yi ka sa ido a wuri ɗaya, ko kuwa so kake ka san akwai mai rai a can nesa tun bai iso ba?

Mai bututu shi ne wanda ake gani a goshin sojoji, mai koren hoto. Haske kaɗan ya shiga ta gilashin gaba ya faɗa kan wani faifai da ke mayar da shi ƙwayoyin lantarki da ake kira ilektron, ilektron ɗin su ratsa wani siririn faifai mai miliyoyin ramuka inda suke ninkuwa, sannan su bugi allon da ke mayar da su hoto. Babu kwamfuta a tsakani, shi ya sa babu jinkiri: ka juya kai, hoton ya juya tare da kai nan take. Wannan ne ya sa shi kaɗai ne a cikin ukun ake iya tafiyar ƙafa da shi da natsuwa. A kwali za ka ga an rubuta Gen 1, ko Gen 2, ko Gen 3, wato zubi na farko, ko na biyu, ko na uku. Zubin farko tun shekarun 1960 ne, lokacin yaƙin Biyetnam, yana ninka haske wajen sau dubu, gefen hotonsa a lanƙwashe, kuma in babu farin wata sai an taimaka masa da fitilar infared. Zubi na biyu ya zo a shekarun 1970 da wannan faifai mai ramuka, ninkin ya kai wajen dubu 20. Zubi na uku ya fi su jin haske mai rauni, kuma bututunsa kan yi awa wajen 10,000 kafin ya gaji. Wanda ya fi suna shi ne PVS-14, mai ido ɗaya: nauyinsa kamar giram 350, ba ya kusanto da abu ko kaɗan, yadda abu yake haka za ka gan shi, kuma batir ɗaya irin na rediyo ƙarama kan kai shi wajen awa 50. Ga wanda ke ƙauyen da ba wuta, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai kuɗinsa. Na kirki mai zubi na uku a Amurka ma dala dubu uku ne zuwa sama, kuma dokar ƙasarsu ta hana fitar da shi waje sai da izinin gwamnati. Don haka in wani ya nuna maka hoto a Facebook ya ce "na sojan Amurka ne, Gen 3," a kuɗin wayar hannu, ka riƙe kuɗinka. Abin da aka fi samu ta halastacciyar hanya a wajen Amurka shi ne ingantaccen zubi na biyu, irin bututun da kamfanin Photonis ke yi a Turai, shi ma ba araha ba. Ga shi kuma da laulayi. Haske mai ƙarfi maƙiyinsa ne: ka buɗe shi da rana, ko ka daɗe kana kallon fitilar mota, sai ya bar baƙin tabo a hoton, wani tabon ba ya gogewa har abada. In za ka sayi na hannu, ka kalli farin bango da shi a ɗaki mai duhu, duk wani tabo zai bayyana. Zubin farko kuwa ba na ba kowa shawarar saye yau, na dijital mai kyau ya fi shi amfani.

Na dijital shi ne ya cika kasuwa, shi ne kuma na Kawu. Cikinsa kusan ɗaya ne da kyamarar tsaron da nake maƙala wa mutane a ƙofar gida. Shi kaɗai ba ya iya komai a baƙin duhu, sai ya kunna fitilarsa ta infared, hasken da idon mutum ba ya gani amma kyamara na gani. In kana son ka gane wa idonka, ɗauki rimot ɗin talabijin ka danna shi a gaban kyamarar waya, a yawancin wayoyi za ka ga ɗan haske yana ƙyaftawa. Fitilun iri biyu ne, mai lamba 850 da mai lamba 940. Ta 850 ta fi kai wa nesa, amma wanda ya fuskance ta zai hango ɗan jan ɗigo kamar garwashin taba. Ta 940 kusan ba a ganinta, amma tafiyarta gajeriya ce.

Ga mai gadin gona ko garke, wanda yake zaune wuri ɗaya, na dijital na da daɗi. Yana da araha, rana ba ta lalata shi, yana ɗaukar bidiyo a kan memori, wanda zai yi amfani in magana ta kai gaban mai gari ko 'yan sanda. Idon dabba kuma yana ƙyalli a cikinsa kamar yadda yake yi a fitilar goshi, amma ba tare da an firgita ta da farin haske ba. Aibinsa uku ne, kuma dole a faɗe su. Yawancinsu an yi su suna kusanto da abu sau uku ko huɗu ko fiye, ga ɗan jinkiri tsakanin motsinka da hoton, don haka wanda ya ce zai yi tafiya da shi a ido rami zai faɗa. Na biyu, yana shan batir. Na uku shi ne wanda ya fi damuna ga masu sintiri: fitilar nan da kai ba ka gani, duk wanda ke riƙe da madubin dare a ɗaya gefen yana ganinta kamar cocila a tsakiyar fili. Ka kunna ta ke nan ka faɗi inda kake. Ga mai fakon dila wannan ba komai ba ne. Ga wanda ke tsaron gari a ɓangaren Batsari ko Safana ko Ɗanmusa, inda dajin Rugu yake kusa, magana ce ta rai.

Akwai kuma abin da mai sayarwa daga Legas ko Chaina ba zai faɗa maka ba, domin bai san hunturunmu ba. In ƙura ta sauko daga Disamba zuwa Fabrairu, hasken infared yakan bugi ƙurar ya dawo maka, kamar yadda fitilar mota ke yi a hazo, sai hoton ya yi fari fat. Mai bututu ma yakan raunana a irin wannan dare, domin ƙurar ta rufe taurarin da yake dogaro da su. Da damina kuma, in gero ya kai kafaɗa, ganyen da ke gabanka shi ne zai sha hasken duka, abin da ke bayansa ya zama baƙi ƙirin.

Mai ganin zafi daban yake da su duka. Ba ruwansa da haske, ko wata ya fito ko bai fito ba. Abin da yake karantawa shi ne ɗumin da kowane jiki ke fitarwa, ya zana maka shi fari a kan baƙi ko baƙi a kan fari. Ba ya fitar da wani haske da za a hango ka da shi, kuma hayaƙi da ƙura mara kauri ba su cika hana shi aiki ba. Daren farko da na gwada wani da wani mai gona ya kawo min in saita masa, mun tsaya a bakin wata fadama bayan sallar isha'i. Da ido, duhu ne kawai da kukan kwaɗi. Da na ɗora shi, sai ga zomaye biyu farare tas a gindin wata sabara, ga wani abu a kan reshen gawo, ga inda shanu suka kwanta suka tashi, ƙasar wurin tana nan da sauran ɗuminta. Wajen gano cewa akwai mai rai, babu na biyunsa.

Lambobin da za ka duba a kwalinsa su ne yawan ɗigon idonsa: 160×120, 256×192, 384×288, 640×512. Na farkon ya yi ƙanƙanta ga fili, na biyun shi ne mafarin abin kirki kuma ana samunsa a 'yan ɗaruruwan daloli, na ukun ya wadaci yawancin masu gadi, na huɗun kuɗinsa ya yi sama sosai. Ka lura, wasu sukan rubuta lambar allon da kake leƙawa, wadda ta fi girma, su ɓoye lambar idon na'urar. Ta idon ita ce magana. Ka duba kuma saurin hoton: mai nuna hoto 9 a daƙiƙa yana tsalle-tsalle, mai 25 ya yi, mai 50 ya fi santsi. Sunayen da aka sani a wannan fanni akwai HIKMICRO da InfiRay da Pulsar da FLIR. In ka ji yana ɗan yin ƙas lokaci-lokaci hoton ya tsaya na ƙiftawar ido, ba lalacewa ba ce, daidaita kansa yake yi.

Yanzu ga inda nake so a saurare ni da kyau. In kwali ya ce mita 1,000, abin da yake nufi shi ne a wannan nisa za ka ga ɗigon ɗumi. Ɗigo kawai. Tun 1958 wani masani a sashen binciken sojan Amurka, John Johnson, ya fitar da ma'aunin da ake bi har yau: wajen ɗigo 2 sun isa ka san akwai abu, amma sai wajen 8 kafin ka bambanta mutum da dabba, sai wajen 13 kafin ka fara tantance wane iri ne. Wato ka raba lambar kwali gida huɗu, a nan ne za ka fara cewa wannan mutum ne. Ko a kusa ma, tamal ba ya nuna maka fuska yadda za ka rantse da ita. Mutumin da ya durƙusa yana ɗaure dami, da maraƙi a kwance, da yaron da aka aika kiran ungozoma, duk fararen dunƙule ne. Garuruwanmu sun sha baƙin cikin kuskuren dare tun ba a san wannan na'ura ba, kuma na'urar da ke sa mutum ya ga kamar ya tabbata alhali bai tabbata ba tana iya ƙara shi. Tamal na gano abu ne. Tantancewa aikin cocila ne, da murya, da haƙuri. Ko madubi mai bututu da na dijital ba a dogara da su wajen launin tufafi, domin baƙar riga tana iya fitowa fara a ƙarƙashin infared. Kada ka ce ka san abokin sintirinka da launin rigarsa.

Yanayin garinmu ma yana taɓa shi. Da bazara, Afrilu da Mayu, rana takan wuce digiri 40, jikin mutum kuwa 37 ne. Bayan magariba duwatsu da katangar ƙasa da yashi duk suna nan da zafinsu, sai hoton ya cakuɗe, kowane dutse ya zama kamar dabba. Daga tsakar dare zuwa asuba, in ƙasa ta huce, shi ne lokacinsa. Da hunturu kuwa, lokacin da sauran biyun ke wahala, shi ne yake sarauta, domin ƙasa a sanyaye take jiki kuma da ɗumi. Ba ya gani ta cikin gilashin mota ko taga, ba ya gani ta bayan bango ko dawa mai kauri. Kuma maciji, da yake jikinsa na bin zafin wurin da yake, sau da yawa ba ya fitowa. Kububuwa na iya kwance a gabanka allon bai nuna komai ba, don haka takalmi mai rufi da sanda suna nan a matsayinsu.

Batun saiti shi ne ya fi sa mutane su ce an cuce su. Yawancin madubai na da zobe biyu: na baya a bakin ido, wanda ke daidaita na'urar da ƙarfin idonka, da na gaba, wanda ke daidaita ta da nisan abin da kake kallo. A na dijital da tamal, fara da na baya: kada ka kula da hoton, rubutu da lambobin allon za ka kalla, ka juya har su fito tsaf. Shi ke nan ka gama da shi, sai in wani ya ara. Daga nan na gaba kaɗai za ka riƙa taɓawa. A mai bututu babu rubutu, sai ka nemi tauraro. Juya na gaba har tauraron ya ƙanƙance iyakar ƙanƙancewa. Sannan ka juya na baya wajen alamar tarawa har hoton ya dushe, ka dawo da shi sannu-sannu, da zarar ya fito ka tsaya. Kada ka wuce. In ka wuce wajen alamar ɗebewa, hoton zai ci gaba da kyau domin idonka yana ƙoƙarin cikewa, amma bayan awa ɗaya ciwon kai zai kama ka ba ka san dalili ba. Mai madubi biyu ya yi wa kowane ido nasa daban, yana rufe ɗayan gilashin da tafin hannu, ba runtse ido ba.

In ka saita shi a nesa, abin da ke kusa da ƙafarka zai dushe, haka aka yi shi. Masu tafiya sukan bar shi a nesa, su leƙa ta ƙarƙashinsa in suna son ganin hannunsu. Wasu sukan sa murfi mai ƙaramin huji a gaba, wanda ke sa kusa da nesa su fito tare, amma yana rage haske sosai, sai a daren farin wata. Ka tuna kuma faɗin abin da PVS-14 ke nunawa digiri 40 ne kacal, idon mutum kuwa ya kusa 200, kamar mai leƙe ta cikin bututun kara ne. Dole ka riƙa juya kai dama da hagu, ba ƙwayar ido ba. Zurfin rami da tsohuwar rijiya da igiyar da aka ɗaure a hanya ba sa fitowa da kyau, sai ka rage sauri, ka fara koyo a filin da ka sani. A kan babur kuwa kada a gwada da na dijital ko tamal ko kusa. Ido kan ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, allon nan kuma yana rushe wannan sabo cikin daƙiƙa, shi ya sa na fi son mai ido ɗaya, a rage hasken allon, a bar ɗaya idon da duhunsa. Ƙurar da ta hau gilashi a hure ta tukuna, kada a goge da bakin riga, musamman na tamal, wanda aka yi da wani ma'adini mai tsada da ake kira jamaniyam.

Kafin duk wannan akwai takarda. A Najeriya madubin dare na cikin kayan da ba a shigo da su sai da takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro, kuma kwastan na iya riƙe wanda ba shi da ita. Ko ba don doka ba, ka yi tunanin a tsayar da kai a shingen hanyar Jibiya ko ta Kwangwalam a buɗe jakarka a ga wannan abu babu shaida. A halin da ake ciki, zargin infoma ba wasa ba ne. Masu sintiri su bi ta hannun hakimi da DPO, ko ta rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a 2023, a rubuta lambar na'urar da sunan wanda ke riƙe da ita. Mafarauci kuma ya sanar da Sarkin Baka, ya je ofishin gandun daji ya ji abin da aka yarda da shi game da farautar dare. Ina faɗin wannan da wani dalili na daban ma. Kawu da kansa yakan ce barewa da gadar da ya sani yana saurayi yanzu sai labari. Na'urar da ke nuna duk mai numfashi a fadama, in ta shiga hannun wanda ba ya ƙyale mai ciki da mai shayarwa, 'yan shekaru kaɗan za ta share abin da ya rage.

To wanne za a saya? Mai gadin gona ko garke da ke zaune a rumfa, wanda abin da ke damunsa dila ne da ɓarawon dami, na dijital mai batirin caji da ake cirewa, irin mai lamba 18650, ya ishe shi, ya sayi batir biyu na ajiya da ƙaramar sola. Ƙungiyar sintiri, in kuɗin abu ɗaya gare su, su haɗa su sayi tamal na hannu ɗaya mai 256×192 ko 384×288, a ba mutum mai natsuwa, wanda aikinsa dubawa ne da faɗa, ba harbi ba. Ya fi musu na dijital guda biyar. Mai bututu na wanda aikinsa tafiyar dare ne, yana da horo da takarda da hukumar da ta tsaya masa. Mafarauci kuwa, in har doka ta ba shi dama, tamal ƙarami a wuya don dubawa, fitilar goshinsa kuma tana nan don tabbatarwa.

Kawu bai mayar da nasa ba. Na ɗaura masa shi a kan ƙafar kyamara, muka kafa a bakin rumfarsa yana fuskantar inda aka tara dammunan gero, na sa ɗan farin fenti a kan zoben baya daidai inda ya dace da idonsa, don in jikoki sun juya ya san inda zai mayar. Da na koma bayan sati biyu ya nuna min bidiyon abin da ke yi masa ɓarna: jakuna uku ne na wani maƙwabcinsa, suna shigowa ta gefen kwari wajen ƙarfe biyun dare.